An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Baturan Sola

Kwanan baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu a kan wutar sola a garuruwan gabashin Sakkwato, kuma rubutun ya zaga sosai, har mutum uku suka turo mini shi rana ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ƙanena ne, wanda ya san abin da ya taɓa haɗa ni da batir, yana so ya ji ta bakina. Matsayin Malam marubucin a taƙaice shi ne, ganin kitse ake yi wa rogo. Ya yarda farantin sola yana daɗewa, amma ya ce batir, wanda shi ne ran abin kuma shi ya fi komai tsada, ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Don haka a ganinsa talakan Wurno ko Raba ko Goronyo da ya sayar da rago da buhunan albasa ya haɗa sola, ya sayi abin da zai mutu kafin ya gama huce asarar kuɗinsa. Ya kafa hujja da fitilun kan titi da suka zama turakun ɗaure awaki, sannan ya ba da shawara a riƙe janareta, a kuma matsa wa gwamnati ta jawo waya.

Ban musa masa ko ɗaya daga cikin abin da idonsa ya gani ba. Fitilun sun mutu, na gan su. Batura suna mutuwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, nawa ma sun mutu. Inda muka rabu da shi shi ne wurin gano mai laifi, da kuma lissafin da ya ɗora a kai.

A watan Maris na 2020 na haɗa wa mahaifiyata sola a gidanmu na Wurno: batir biyu masu ruwa, kowanne 200, faranti biyu ƙanana, da inbata. Mai haɗin ya tambayi inda za a ajiye kayan, na nuna masa sabon ɗakin bulo mai rufin kwano da muka gina a bakin zaure, don shi ne mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Bai ce komai ba, ni ma ban san akwai abin cewa ba. Watannin farko Hajiya sai sa albarka take yi, fanka tana kai ta asuba. Da azumin 2021 ya kama, wanda ya faɗo tsakiyar Afrilu, wani ɗan'uwana ya kawo ƙaramar firiza ya jona, yana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi kafin buɗa baki, kuma yakan bar ta a kunne har gari ya waye. Kafin Salla fanka ta fara tsayawa ƙarfe biyu na dare, inbata tana kuka kamar tsuntsu. Da na zo na buɗe murfin batir na haska da fitilar waya, sai ga faifan ciki a waje, ruwa ya ja ƙasa, saman ya yi fari kamar kanwa. Na tambayi yaron da na bar wa aikin ƙara ruwa, ya ce ai yana zubawa, ruwan rijiya mai sanyi ma yake ɗebowa. Na taɓa bangon ɗakin da la'asar, sai da na janye hannu. Wata goma sha huɗu suka yi. A lokacin ni ma abin da na ce ke nan, an cuce ni. Sai daga baya, da na zauna na nemi sanin yadda abin yake aiki, na gane cewa hannu huɗu muka sa muka kashe su, kuma nawa hannun ne na farko.

Abu na farko da Malam bai ambata ba ko sau ɗaya a rubutunsa shi ne zafi, alhali a kan ƙasar Sakkwato yake magana. Shekarun da kamfani ke rubutawa a jikin kwali, an auna su ne a ɗaki mai zafin digiri 25. Sanannen abu ne a wurin masu wannan sana'a cewa batir na dalma, duk lokacin da zafin wurin da yake zaune ya ƙaru da digiri takwas zuwa goma a kan wannan, rabin kwanansa ya tafi. Wanda aka ce zai yi shekara biyar, in ya zauna a digiri 35 dare da rana, shekara biyu da rabi ce rabonsa. To a nan Afrilu da Mayu zafin rana a inuwa yana haura digiri 40, kuma ɗakin kwano marar silin ya fi waje zafi, ga shi bulo yana riƙe zafin har tsakar dare. Zafi yana gaggauta cin faifan ciki, yana kuma ƙone ruwan. Abin dariyar shi ne maganin yana cikin gidan tun kafin a haife ni. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda muka mayar wurin ajiye tarkace don muna ganin ya tsufa, shi ne wurin da Hajiya ke ajiye randarta, kuma ta san dalili. Inda randa ke jin daɗi, nan batir ke jin daɗi. Abin da kawai yake buƙata ƙari shi ne taga da iska ke ratsawa, domin batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake shan caji.

Na biyu shi ne yawan abin da ake ɗiba. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200, abin da ke cikinsa wat 2,400 ne na awa ɗaya, wato yunit biyu da ɗigo huɗu irin wanda mita ke ƙirgawa. Amma na dalma ba a kwashe shi tas. Rabi ake ɗiba a bar rabi, in ana so ya yi kwana. Ke nan abin da mutum yake da shi kowane dare 1,200 ne. Ƙwan fitila huɗu masu wat goma na awa biyar sun ci 200. Fanka mai wat sittin ta awa takwas ta ci 480. Talabijin na awa huɗu kamar 200, cajin wayoyin gida kamar 50. An tashi 930, da ɗan abin da inbata ke ci na kanta, an kusa iyaka amma ba a ƙetare ba. Yanzu a ɗora firiza ta kwana tana aiki, ko a jona dutsen guga mai wat dubu, sai a wayi gari batir ya kai ƙasa. Yin haka sau ɗaya ba kisa ba ne. Yin sa kullum na makonni, a cikin bazara, shi ne abin da ya faru a gidanmu. Jakin da aka saba ɗora wa buhu biyu, in aka koma ɗora masa huɗu kullum daga fadama zuwa kasuwa, ba a cewa jakunan bana ba su da ƙarko.

Na uku ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne ya fi yawa a gidajen da na leƙa tun daga lokacin. Mutane suna zuba kuɗi a batir su tsuke hannu a faranti, don batir shi ake gani a ɗaki. Amma in an ɗebi 1,200 da dare, sai an mayar da kusan 1,500 da rana, saboda na dalma yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ba shi. Faranti mai wat 200, ko a ranar Sakkwato da ba ta rowa, da ƙyar yake ba da 800 a yini idan aka cire asarar zafi da waya da ƙura. Ke nan batir ɗaya yana son irin wannan faranti biyu don kansa kaɗai, ban da abin da ake kunnawa da rana. Inda ba haka ba, batir ba ya taɓa ƙoshi. Kullum yana kwana da yunwa, wani farin gishiri yana taruwa yana daskarewa a faifansa, wurin ajiyar yana raguwa a hankali. Da hunturu abin ya fi muni: hazo ya rage rana, ƙura ta kwanta a faranti kamar an yayyafa gari, ba mai hawa ya goge. Sau da yawa batir da hunturu yake kamuwa, da bazara ya faɗi, sai a ɗora wa bazara ita kaɗai.

Ruwan rijiya ba sai na tsaya a kansa ba. Tataccen ruwan batir ake zubawa, wanda ba gishiri ba ƙarfe a cikinsa, ba na rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba. Kwalbarsa ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Akwai kuma inda Malam yake da gaskiya fiye da yadda shi kansa ya faɗa: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kasuwar batir cike take da algus. Akwai batir na mota da ake sayar wa mutumin ƙauye a matsayin na sola, alhali faifansa siriri ne, an yi shi don ya tayar da inji cikin daƙiƙa biyar, ba don ya riƙe fanka awa takwas ba. Akwai na gwanjo da ya gama aikinsa a wani wuri aka wanke shi aka manna sabuwar takarda. Akwai wanda ya shekara a shago ba caji, ya mutu rabi kafin a saye shi. Akwai wanda aka rubuta wa 200 amma dalmar cikinsa ba ta kai ba. Wannan na ƙarshe sikeli yana tona shi, domin na gaske yana kai kilo sittin ko kusa da haka, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Manomin da ba ya yarda a auna masa tafarnuwa sai ya ga sikeli da idonsa, bai kamata ya karɓi batir da ido kawai ba. Sai dai algus a kasuwa hujja ce ta gyara kasuwa. An sha sayar mana da jabun taki, ba wanda ya rubuta cewa a daina noma.

Bayan asarar farko na sake sayen irin waɗancan baturan, ba mafi tsada ba. Na mayar da su ɗakin ƙasa a kan katako, na ƙara faranti suka zama huɗu manya, na sa aka saita inbata ta yanke da kanta kafin batir ya yi ƙasa sosai, aka yi doka cewa firiza daga hantsi zuwa la'asar take aiki, ta kwana a rufe da sanyinta. Ranar Juma'a ta farkon kowane wata ake duba ruwa a goge faranti, da hunturu kuma duk mako. Sun cika shekara uku suna aiki sun shiga ta huɗu. Sun fara gajiya, fanka ba ta kai asuba da ƙarfinta na da, kuma na san ranar canji tana tafe. Gida ɗaya ne, gari ɗaya, zafin rana ɗaya, irin batir ɗaya.

Yanzu ga lissafin kuɗi, inda nake ganin Malam ya fi yin nisa da hanya. Ya ɗora farashin batir a gefe ɗaya, farashin janareta a ɗaya gefen, ya ce a duba a gani. Amma janareta ba ya cin iska. Ƙaramin nan da kowa ya sani yana shan kusan rabin lita a awa. Awa huɗu kowane dare lita biyu ke nan, a shekara lita 730. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, kuma a wancan zamani maganar Malam tana da ƙafar tsayawa. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu. A wannan farashi, awa huɗun nan sun ci naira dubu 730 a shekara, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin makanike, ban da ƙarin da 'yan bumburutu ke ɗorawa a garin da ba gidan mai, kuma da sha biyun dare an kashe an koma fifita da mafici. Gaskiya ne batir ma ya yi tsada, tunda daga waje ake shigo da mafi yawansa kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a tsakanin 2023 da 2024. Amma shi sau ɗaya ake biya a shekaru. Tambayar da ta dace a yi wa batir ita ce dare nawa zai ba ni, kuma nawa kowane dare ya tsaya mini. Wanda ya yi dare 1,200 ya fi wanda ya yi dare 400 araha ko da kuɗinsa ya ninka.

Kuma akwai abin da mutumin wannan yanki ya sani game da fetur wanda ba ya cikin lissafin naira. A Satumbar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita abin da za a sayar wa mai mota, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, kuma Wurno da Raba da Goronyo duk suna cikin ƙananan hukumomin da matakan suka shafa. Mai janareta a lokacin ko da kuɗinsa a hannu sai ya yi dabara. Rana kuwa ba ta bi ta shingen bincike.

Duk da haka na san dalilin da ya sa talaka ke komawa ga janareta, kuma ba wauta ba ce. Fetur ana sayen sa kwalba-kwalba, yau da kuɗi a kunna, gobe babu a haƙura. Batir kuwa rana ɗaya yake neman kuɗinsa a dunƙule, kuma ba ya sallama kafin ya zo. Wannan ita ce matsalar gaske, ita ya kamata Malam ya kama. Na ga yadda wani mai cajin waya a kasuwar Achida ya warware ta. A ƙarƙashin teburinsa, bayan jerin wayoyin da ya liƙa wa lamba da farin salatif, akwai gwangwanin madara da ya huda wa baki. Duk yamma kafin ya ƙirga riba sai ya jefa wani abu a ciki, ya ce wannan na batir ne, ba nasa ba. Da gwangwanin ya cika sai ya kai adashi. Bai karanta lissafin kasuwanci ba, amma ya gane cewa batir kamar tayar mota ne, kullum ana cin sa kaɗan-kaɗan, don haka kullum ake biyan sa.

Wannan gwangwanin shi ne abin da fitilun kan titi ba su da shi. Ana ba da kwangila, a kafa turaku, a ɗauki hoto, a tafi. Ba a rubuta wa zai goge faranti ba, ba a ware kuɗin canza batir bayan shekara uku ba, ba a koya wa ko mutum ɗaya a garin yadda ake buɗe akwatin ba. Tsofaffin fitilun, batir yana cikin akwatin ƙarfe a tsakiyar rana, yana dahuwa har ɓarawo ya zo ya hutar da shi. Sababbin kuma ɗan ƙaramin batir ne manne a bayan farantin a can sama, inda zafi ya fi ko'ina. Rijiyar burtsatse mai famfon hannu ma haka take mutuwa a ƙauyukanmu saboda robar da ba ta kai komai ba, kuma ba batir a jikinta. Tashoshin sola na gari guda, irin wadda aka kafa a Kurdula ta ƙaramar hukumar Gudu, an gina tsarinsu ne a kan mutane su biya kuɗin wuta ta mita, kuɗin canjin batir yana cikin abin da ake biya. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa irin wannan aiki a Najeriya ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. Abin da ya kamata wakilanmu da masu rubutu irinmu su riƙa tambaya a kan duk aikin da ya iso nan shi ne wa zai canza batir, a wace shekara, da kuɗin wa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982, ta daɗe tana gwada sola a ƙauyuka irin su Kwalkwalawa. Horar da samari biyu a kowace gunduma kan kula da batir bai fi ƙarfin jihar da ke da wannan ba.

Sai babban abin da ya ɓace a rubutun Malam gaba ɗaya: ya ɗauka sola da batir abu ɗaya ne. A waɗannan ƙananan hukumomi uku, aikin da ya fi kawo kuɗi da rana ake yin sa. Wurno da Goronyo ƙasar fadamar gulbin Rima ce, ƙasar albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama, kuma ban ruwa shi ne ya fi cin fetur a noman rani. Injin ban ruwa na sola ba ya buƙatar batir ko ɗaya: faranti, ɗan akwatin sarrafawa, sai famfo. Rana ta fito ruwa ya fito, ta faɗi ya tsaya. Haka rijiyar burtsatse ta gari, tankin da ke sama shi ne ma'ajiyarta, ruwan da aka tura da azahar shi ake ɗiba da magariba, kuma tanki yana shekara ashirin. Har firjin allurar rigakafi, wanda a da mutuwar batir ce ke kashe shi a asibitocin karkara, yanzu akwai irin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi wanda ba batir a cikinsa. Da rana yake daskarar da ruwa a jikin bangonsa, wannan sanyin ya riƙe magani kwana da kwanaki, kuma irinsa aka rarraba a cibiyoyin lafiya na mazaɓu da dama a ƙasar nan da tallafin Gavi. Mutanen da suka tashi kusa da madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984 don ta tara ruwan damina sama da kubik mita miliyan 900 a sha da rani, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani cewa ana iya ajiye abu ta hanya fiye da ɗaya. Duk aikin da za a iya turawa zuwa rana, a tura shi. Abin da ya rage wa dare, fitila da fanka da waya, ƙaramin batir ya ishe shi.

Kada kuma a ɗauka ina cikin masu cewa batir na litiyam ya kashe magana. Gaskiya ne irin wanda ake sa wa sola yanzu ya fi na dalma nesa: ana iya ɗibar kashi tamanin cikin ɗari nasa, ba a ƙara masa ruwa, ba ya damuwa in bai cika ba, kamfanoni suna yi masa alkawarin caji dubu uku zuwa dubu shida, kuma farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi casa'in cikin ɗari daga 2010 zuwa 2023. Na dalma fasaha ce ta 1859, ta Bafaranshe Gaston Planté. Litiyam kuwa sai 1991 kamfanin Sony ya fara fitar da shi kasuwa. Ga mai hali, ko asibiti, ko mai shagon da wuta ce jarinsa, shi ne mafi araha idan aka raba kuɗin a kan darare. Amma shi ma zafi yana tsofar da shi, kuma rayuwarsa tana rataye da wani ɗan allon lantarki da ke cikinsa, wanda in ya ƙone ba kowane mai gyara ne zai taɓa shi ba. Algus ɗinsa ma ya fi wuyar ganewa, domin ana cusa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati mai kyalli. Sannan alkawarin shekara goma yana da wata ma'ana dabam ga mutumin da ke cikin garin Wurno, da wanda ke wani ƙauye a gundumar Gandi ta Raba, wanda bai da tabbacin zai yi damina mai zuwa a gidansa. Shi wannan, abin da za a ɗauka a gudu da shi ya fi masa amfani: fitila mai ɗan farantinta, da ƙaramin akwati da ke cajin waya. Ba na ganin laifinsa in ya ƙi binne dukiyarsa a bango.

Game da jawo waya, ina tare da Malam, a matsa. Sai dai garuruwan da turakun suka riga suka isa ma sun san kwana nawa suke yi ba su ga ƙyaftawar ƙwan fitila ba, kuma yaron da zai rubuta jarrabawa bana ba zai jira ba.

Akwai wata illa ta batir da na so a ce Malam ya kama, don ta fi duk abin da ya lissafa nauyi. Mataccen batir na dalma yana da kuɗi, fiye da rabin nauyinsa dalma ce, shi ya sa 'yan gwangwan ke bin sa gida-gida. Wannan yana rage wa mai shi asara, abin da litiyam bai cika yi ba. Amma a nan haɗarin yake. Wasu suna fasa shi da gatari a tsakar gida ko bayan kasuwa, su tsiyayar da asid a ƙasa, su narka dalmar a kasko. Mu maƙwabtan Zamfara ne, mun san abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma dalma ce. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma su daga fasa tsofaffin batura ne kai tsaye, iyayensu mata suna tankaɗe ƙasar wurin suna neman ɓarɓashin dalma su sayar. Yawan sola a garuruwanmu yana nufin yawan matattun batura nan da shekara uku, a gidajen da yara ke rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki.

Nawa biyun na farko sun yi wata uku a gindin dalbejiyar tsakar gida kafin in waiwaye su. Ranar da na zo na tarar da 'yar ƙanwata, mai shekara biyu, zaune a kan ɗaya tana cin ƙosai, ta ɗora ledar a kan murfin. A ranar na sa aka ɗora su a amalanke, a rufe yadda suke ba a tsiyaye ba, na mayar wa dilan da na sayi sababbin a hannunsa ya rage mini kuɗi. Ƙasar wurin kuma aka kankare ta aka fitar da ita bayan gari.